Rabin-jikin ɗan mashin Balaklaba da na saya, wai kayan jikinsa ba na 1854 ba ne?

Sadauki_Fagge:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu tara ƙananan mutum-mutumin nan na sojojin doki na da, ina so a duba min wani abu. Na yi odar wani rabin-jiki na rezin, wato wata irin roba mai tauri, sikeli 1/10, daga kai zuwa ƙirji ne kawai babu doki, a jikin kwalin an rubuta sojan runduna ta 17 ta 'yan mashin Birtaniya, Balaklaba 1854, wato sukuwar nan da suka yi suka afka bakin igwogin Rasha a yaƙin Kirimiya. Aikin sassaƙar kam ba laifi wlh, fuskar ta fito sosai, gashin baki kaman ka kai hannu ka taɓa, ga hular nan tasu mai kusurwa huɗu a sama da tambarin ƙoƙon kai da ƙasusuwa a gaba, tuntu ya zubo ta gefe, sannan ƙirjin rigar an yi masa wani faffaɗan gaba wanda a hoton kwalin fari ne fat tun daga kafaɗa har ƙasa. Akwai lambar yabo guda ɗaya a ƙirjin hagu, da guntun mashi da ake mannawa ta bayan kafaɗa mai 'yar tuta a jiki.

To na tura wa wani abokina hoton, shi ma yana ɗan taɓa harkar, kawai sai ya ce min wai ba da wannan shigar suka yi yaƙin ba, na ce ya yi min bayani ya ce shi dai ya san hular ba haka take ba ranar, sauran bai sani ba. Shi ne abin ya tsaya min a rai don ni dalilin da ya sa na saye shi ma saboda Balaklaba ɗin ne, ina haɗa jerin na yaƙin Kirimiya a kabad ɗaya. Har yanzu ban sa masa kala ba, wanke shi kawai na yi da sabulu na fesa masa fentin farko ruwan toka.

Gaskiya ne maganar tasa? In gaskiya ne gyaruwa zai yi ko haƙuri zan yi? Kuma ku ta ina kuke gane na kirki kafin ku biya kuɗi, don abin nan ba arha ba ne in ka haɗa da kuɗin kawowa.

BabanKhalifa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena abokinka ya yi gaskiya, kuma ba hular kaɗai ba ce, daga yadda ka siffanta shi duka shigar ta wani zamani ce daban. Runduna dai ita ce, ta 17 ɗin, tambarin ƙoƙon kan nasu ne ba shakka, amma shekarar ce ba ita ba.

Fara da ƙirjin tunda shi ne ya fi girma. Ranar 25 ga Oktoba 1854 abin da ke jikinsu gajeriyar riga ce shuɗiya mai duhu mai layin maɓallai biyu, farin yana kwala da bakin hannu da ɗan siririn layi a kan ɗinki, gaban kam shuɗi ne. Bayan Balaklaba ne, wajen 1855 zuwa 1856, aka canza wa sojan Birtaniya tsarin riga gaba ɗaya aka koma mai tsawo, shi kuma faffaɗan farin gaban nan da ya rufe ƙirji duka sai can daga shekarun 1870 ya zama abin da aka san 'yan mashi da shi har zuwa 1914. Don haka duk wanda ka gani da farin ƙirji an ce maka Balaklaba ne, an ƙara masa shekara ashirin ko fiye.

Hular kuma matsala biyu ce. Ta farko a fagen daga ba sa barin ta a buɗe, akwai baƙin marufi na ƙyalle mai maiƙo da ake sa mata don ruwa da ƙura, ya rufe tambarin ya rufe komai, tuntun kuma a cire a ajiye. Abin da za ka gani kawai baƙar hula mai ɗan sheƙi da sarƙar haɓa da igiyarta ruwan ɗorawa. Masu sassaƙa ba sa son wannan don ƙoƙon kan nan shi ne ke sayar da kaya, wa zai biya kuɗi ya sayi baƙar hula ba ado. Ta biyu, wadda ake sawa a 1854 ta fi tsawo, a 1856 aka rage mata tsayi, in taka gajera ce mai siririn ƙugu to ta baya ce.

Lambar yabon nan ma ta ba ni dariya. Lambar yaƙin Kirimiya sai a ƙarshen 1854 aka amince da ita, raba ta kuma a 1855, ita kuwa babbar lambar jarumta ta Victoria sai Janairun 1856 aka ƙirƙiro ta, mutum uku na wannan runduna sun same ta saboda abin da suka yi a Balaklaba, Berryman da Farrell da Wooden, amma duk daga baya ne. To ya za a yi mutum ya shiga yaƙi da lambar yaƙin da bai gama ba. Duba sandar mashin ma da kyau, in ka ga an yi mata gaɓa-gaɓa irin na gora to ita ma ta baya ce, don sai 1868 suka koma mashin gora, na Kirimiya katako ne sumul, tsawonsa ƙafa 9. 'Yar tutar dai ba ta canza ba, ja a sama fari a ƙasa.

Yawancin kuskuren da ake samu a harkar nan tushensa ɗaya ne, ana ɗauko kayan fareti a liƙa musu sunan yaƙi, kaman ka zana ango da babbar rigarsa ta ranar ɗaurin aure ka ce haka yake zuwa gona. Mutanen nan tun watan Satumba suke Kirimiya, kafin nan sun sha kwalara a Barna ta Bulgeriya, ga gudawa, ga kwana a fili, rigar da ke jikinsu ta koɗe ta yi faci, dawakin ma sun rame. Su da sauran rundunonin doki da suka yi sukuwar tare, kusan mutum 670 ne suka shiga kwarin nan a bayan Lord Cardigan, tafiyar wajen kilomita 2 ana harbinsu ta gaba da gefe biyu, sama da 100 suka mutu, dawaki sama da 300 suka tafi. 'Yan ta 17 suna sahun gaba ƙarƙashin Kyaftin William Morris wanda shi ma aka ji masa munanan raunuka. Ka ga fuskar da ta dace da wannan rana ba fuskar mai ƙoshi ba ce da kumatu ja.

Maganar gyara, zai yiwu amma ni ban ba ka shawara ba. Sai ka kankare gefen farin gaban da wuƙa da sanfefa, ka sake jera maɓallai, ka cire lambar, ka yanke tuntun, ka lulluɓe hular da Milliput, wato fotin nan mai kama da laka da yake taurarewa, ka yi mata 'yan tattara irin na ƙyalle, kuma duk da haka tsayin hular zai tona maka asiri wajen wanda ya sani. Hanya mafi sauƙi ka bar shi yadda yake ka canza abin da za ka rubuta a gindinsa. Ka sa runduna ta 17, kayan fareti, wajen 1885 ko 1890, shi kenan ya zama daidai ɗari bisa ɗari, tuntun fari, ƙirji fari. Lambar kuma sai ka mayar da ita ta yaƙin Zulu tunda rundunar ta yi sukuwa a Ulundi ranar 4 ga Yuli 1879, ƙyallenta ruwan zinare ne da layuka shuɗi mai duhu, saɓanin ta Kirimiya da take shuɗi mai haske da ruwan ɗorawa a gefe-gefe.

In ma za ka goga wani wuri da sanfefa ka jiƙa shi da ruwa tukuna ka sa takunkumi, ƙurar rezin ba ta da kyau a huhu.

abu_maryam92:

slm, ni fa ba na harkar amma na ga zancen ne na ce bari in yi magana tsakani da Allah. malam sadauki mutum mutumi a cikin gida? ai hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko sura a ciki. ku kuna ta lissafin maballi da tuntu amma ba wanda ya tabo wannan. ba fada nake nema ba wlh tunatarwa ce kawai, Allah ya sa mu dace

BabanKhalifa:

Amin Malam Abu Maryam, mun gode da tunatarwa kuma ba wanda zai ce ka yi laifi. Hadisin tabbatacce ne. Abin da ke akwai shi ne malamai sun yi magana a kan surar da ba ta cika ba, a wajen malaman Malikiyya abin da aka haramta kai tsaye shi ne sura mai inuwa ta abu mai rai wadda gaɓoɓinta suka cika, in an rasa ɓangaren da ba a rayuwa sai da shi, kaman wanda aka yanke daga ƙirji babu ciki babu ƙafa, hukuncin ya sauka daga nan. Wasu malaman kuma suka ce a'a, ai kai shi ne surar, muddin kan yana nan to ba abin da ya canza. Saɓani ne na gaske, ni ba mufti ba ne, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da iliminsa ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Na san masu tara kwalkwali da takubba da sirdi na ƙaramin sikeli zalla ba fuska saboda wannan dalilin, kuma tarin nasu yana da kyau ƙwarai.

YarKatsina_Ingila:

Yaya Sadauki sannu da ƙoƙari. Baban Khalifa ya gama magana a kan rigar, ni tambayarka ta ƙarshe zan ɗan taɓa, ta yadda ake ganewa kafin a biya.

Hoton kwali ba hujja ba ne, wannan shi ne na farko, mai fentin da ya yi shi an biya shi ne ya sa abin ya yi kyau a ido. Zanen manyan masu zane ma sai an yi hattara, don da yawa an yi su ne shekaru bayan abin ya faru. Misali zanen nan da kowa ya sani na rundunar Sikotlan masu fararen dawaki a Watalu, suna tahowa a guje kaman za su fito daga allo, Lady Butler ta yi shi a 1881, yaƙin kuwa 18 ga Yuni 1815 aka yi, shekara 66 tsakani, kuma ƙasar wurin ta jiƙe da ruwan daren jiya ta yi taɓo ga hatsi dogaye, ba a guje suka faro ba. Amma sai ka ga masu sassaƙa sun kwafo daga zanen kai tsaye, wani ya kwafa daga wannan, wani daga wancan, har kuskuren ya zama shi ne kowa ya sani.

Sa'ar da kuka yi ku masu Kirimiya ita ce akwai hoton kyamara. Roger Fenton ya je can a 1855 ya ɗauko hotuna wajen 360, ana samunsu a intanet kyauta, za ka ga hafsoshi da sojoji da gemu buzu-buzu da rigunan sanyi kala-kala wasu ma ba na soja ba. Sai dai a tuna shi sai da hunturu ya wuce ya isa can, watanni bayan Balaklaba, don haka gemun nan mai yawa kar ka ɗora wa na Oktoba, ɗan ƙasumba da gashin kwana biyu ya isa.

Sai kayan asali da ke gidajen tarihi. Akwai gidan tarihin soja na ƙasa a unguwar Chelsea a Landan, suna da hotunan kayansu da yawa a shafinsu, sannan ita runduna ta 17 ɗin tana da nata a Thoresby cikin Nottinghamshire. Na je na nan ɗin da yara, abin da ya fi ba ni mamaki ƙanƙantar rigunan, mutanen sirara ne ba irin ƙattin da ake sassaƙa mana masu faɗin kafaɗa ba. A can ne ma za ka ga kayan runduna ta 21, don an haɗe su da ta 17 a 1922, su ne suka yi sukuwa a Omdurman ranar 2 ga Satumba 1898 kan mayaƙan Khalifa Abdullahi, har da Winston Churchill a ciki yana ƙaramin hafsa. Su ma ana yi musu irin wannan ɓarnar, a yi musu shuɗiyar riga da hula mai kusurwa huɗu a rubuta Sudan, alhali kaki suka sa da hular rana mai mayafi a ƙeya. In Churchill ɗin ne kuma aka ba shi takobi a hannu to an yi kuskure, da ƙaramar bindiga Mauser ya shiga saboda kafaɗarsa tana da matsala.

Ni dai kafin in saya sai na tambayi abu uku, wace runduna, wace shekara, fareti ne ko fagen daga, kuma in mai sayarwa ya kasa faɗin wanda ya sassaƙa shi sai in wuce.

Sadauki_Fagge:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na je na duba sandar mashin yanzun nan da fitilar waya, gaɓoɓin gora ne a jiki reras, hular ma gajera ce. Zan bi shawararka in mayar da shi na 1890 in cire shi daga layin Kirimiya. Malam Abu Maryam na ji, in sha Allah zan tambaya.

Wani abu kuma, farin nan na ƙirji ya ake yi masa? Duk sanda na yi fari da fentin Vallejo sai ya fito kaman alli, ga shi yanzu iskar hunturu ta fara fentin yana bushewa a bakin burushi kafin in kai shi jikin abin. Sannan na lura maɓallan gefe ɗaya sun ɗan narke ba su fito tsaf kaman na hoton ba, akwai 'yan ramuka ƙanana a ƙarƙashin haɓa, haka suke zuwa dama?

Kwamanda_Jos:

Sadauki maɓallan da suka narke da ramukan nan alamar kwafi ne, wato wani ya sayi na asali ya zuba masa roba ya yi ta bugawa, kowane bugu yana ƙara dusashewa kuma yana ɗan ƙanƙancewa. Na asali daga kamfanoni irin su Pegaso na Italiya ko Young Miniatures na Koriya ko Andrea na Sifen in ka ga farashinsa ya faɗi ƙasa da rabi a wani shago to ka san inda aka dosa. Ramukan cike su za ka yi da foti ka goge. Farin kuma kar ka fara da fari, fara da ruwan toka mai ɗan ɗumi ko ruwan ƙasa mai haske ka riƙa hawa a hankali da fenti mai ruwa-ruwa, farin zalla sai a kan tudun tattara kawai. Maganar bushewa, sami roba mai murfi ka shimfiɗa soso mai laima ka ɗora takardar gashin kek a kai ka riƙa zuba fentin a nan, zai kai maka awanni. Kuma kar ka bar shi a mota ko jikin taga, zafin Kano zai lanƙwasa maka mashin nan.

Amma ni fa ina da ja a kan maganar su Baba, da girmamawa. Wani lokacin ana wuce gona da iri da zancen daidai da tarihi. Ɗauki mahayan Folan masu fukafukai, waɗanda suka sauko wa sojan Usmaniyya a Biyena ranar 12 ga Satumba 1683 ƙarƙashin Sarki Sobieski. Masana har yau suna gardama ko suna sa fukafukan a yaƙi ko sai a biki, tsohon zanen jerin gwanon da aka yi a Karako ta ƙasar Folan a 1605 ya nuna fiffike ɗaya ne kuma a jikin sirdi aka ɗaure shi ba a bayan mutum ba, kuma an san wasu sulkunan ƙarfen da ke gidajen tarihi daga baya aka ƙara musu fukafukai biyun nan masu lanƙwasa. To rabin-jiki ba shi da sirdi. In ka ce sai ka bi tarihi tsantsa sai ka cire fukafukan, me ya rage? mutum da hular ƙarfe da fatar damisa, ba wanda zai gane ko wane ne. Nawa yana nan da fukafukansa biyu kuma ba abin da zai sa in taɓa su. Abin ado ne a falo ba jarrabawar digiri ba.

YarKatsina_Ingila:

Kwamanda ai ba ɗaya ba ne. Naka wuri ne da masanan kansu ba su daidaita ba, kana da damar ka zaɓi ɓangare. Na Yaya Sadauki kuwa ba gardama a ciki, akwai dokar tufafin soja a rubuce da shekararta, akwai rigunan a ajiye. Ka bar fukafukanka ba wanda ya hana, amma in baƙo ya tambaye ka sai ka gaya masa ana saɓani, kar ka ce masa haka suka shiga Biyena tabbas.

Dan_Damagaram:

Salamu alaikum, gaisuwa daga Zinder. Tun ɗazu nake karantawa ina jin daɗi, amma abin da ke cina shi ne duk muna ta haddace maɓallin Turawa, namu mahayan kuwa ba wanda ya sassaƙa su yadda ya kamata. Na daɗe ina neman rabin-jikin ɗan lifida ko barde na ƙasar Hausa ko na Barno a sikeli 1/10 ban samu na kirki ba, 'yan fayilolin da na gani na injin bugun 3D sai ka ga an ba mutum lanƙwasasshen takobi irin na Larabawa an ɗaura masa a ƙugu da bel, rawanin kuma na wata ƙasa can. Alhali takobinmu miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, kuma da hamila ake rataya shi a kafaɗa, wanda a rabin-jiki ma shi ne zai fi fitowa don igiyar ta ratsa ƙirji da tuntayenta.

Kuma matsalar da Baba ya faɗa ta fareti da fagen daga mu ma tana jiranmu, har ta fi tasu. Duk wanda zai yi wannan aiki hotunan hawan sallah zai ɗauko, na hawan daushe a Kano ko na Katsina ko Zazzau ko namu na nan fadar Sarkin Damagaram, ko tsofaffin hotunan babban hawan da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956. Waɗannan kuwa kayan ado ne, yadi mai walƙiya na kanti, kala-kalar da babu su a da, wani ma da tabarau a fuska. Wanda ya fita yaƙi a ƙarni na 19 ba haka yake ba. Lifidi riga ce mai kauri da aka cusa wa audugar rimi aka ɗinke, ta mutum daban ta doki daban, tana tare kibiya amma tana da nauyi da zafi kuma wuta na kama ta, shi ya sa ake harbinsu da kibiya mai wuta, in ɗan lifida ya faɗo kuwa tashi sai an taimaka masa. Sulke kuma ba kowa ke da shi ba, abu ne mai tsada na manya da yaransu, da yawa ta hamada aka shigo da shi, kuma sau da yawa a ƙarƙashin riga ake sa shi, sai dai ka hango shi ta wuya da hannu. To in ka sassaƙa kowane mahayi da sulke a waje yana ƙyalli ka yi irin abin da aka yi wa ɗan mashin Sadauki.

Shekara ma tana da muhimmanci a namu. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, don haka in mutum ya ce zai yi mahayin zamanin Bagauda ya sa masa lifidi ya saɓa wa abin da ke rubuce. Ta ɓangaren zane kuma akwai na Dixon Denham da ya iso Kukawa a 1823 ya ga dakarun Shehu Laminu, aka buga a 1826, akwai mai gadin Shehu da sulke akwai ɗan mashin Bagirmi da lifidi shi da dokinsa, suna da amfani sosai amma a tuna a Landan aka sake zana su don bugawa, hannun wanda bai taɓa ganin Barno ba ya bi ta kai. Gara a haɗa da kayan asali, Gidan Makama yana nan kusa da kai Sadauki, kuma a gidajen sarauta har yanzu akwai tsofaffin da suka gaji kayan kakanni suna ajiye, in ka je da ladabi ta hannun wanda ya dace za su nuna maka.

Ni na fara gwada nawa da Milliput a kan wani kai da na saya daban, rawanin da amawali sun zauna, kwalkwalin ne da gashin jimina nake ta fama, sai kuma sulken wuya, na rasa yadda zan fitar da zobban su yi daidai.

BabanKhalifa:

Madalla ɗan Damagaram, wannan aiki ne, Allah ya taimaka. Zobban sulke a 1/10 ba a sassaƙa su ɗaya-ɗaya da wuƙa. Sami allurar sirinji ka yanke bakinta ya zama da'ira, ka goge rabin da'irar ya koma kaman harafin C, sai ka shimfiɗa foti siriri ka bar shi ya ɗan fara tauri kaman minti talatin zuwa arba'in, sannan ka riƙa dannawa layi-layi, layi ɗaya ya kalli dama na ƙasansa ya kalli hagu, kana tsoma bakin allurar a ruwa don kar ya kama. Tunda wuya ne kawai da ɗan abin da ya leƙo ta ƙarƙashin riga ba zai ɗauke ka lokaci ba. Wajen fenti kar ka yi shi azurfa mai ƙyalli, fara da baƙi ka shafa ruwan ƙarfe mai duhu sama-sama da busasshen burushi, ka ɗan sa ruwan tsatsa a inda ya haɗu da ƙyalle saboda gumi.

Gashin jimina kuma kar ka sa na tsuntsu na gaske, girman zarensa zai fi ƙarfin sikelin, yi ƙashin tsakiya da siririyar waya ka ɗora foti ka tsattsaga shi da bakin reza. Lifidin in za ka ƙara, ɗinkin kar ya miƙe tsaf kaman na keke, da hannu aka yi shi. Turo mana hoto in kwalkwalin ya zauna, ta gaba da ta gefe, ka ajiye rula a kusa don mu ga girman.